Ƙayar Ƙurungu A Ƙafar Papa

"Ba da yawuna ba, Noelie. In kuma da yarensu kike so in faɗa miki, kira shi ya zo ya koya mini."

Alcide Cheramie bai ko ɗago kai ba da ya yi maganar. Yana zaune a gefen jirginsa na kamun jatan lande, ya tuɓe farin takalmin robarsa na hagu, yana tsiyaya wa ƙwaurinsa bilic ɗin da ake wanke daɓen jirgi da shi. Wani ƙurungu ne ya faɗo daga taru da sassafe ya soke shi da ƙaya, ɗan ramin ko ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Noelie, 'yarsa tilo, ta durƙusa a gabansa hawaye na bin kumatunta.

"Papa, me Luan ya yi maka? Faɗa mini abu ɗaya tak, na rantse yau zan rabu da shi."

"Ɗan Dang ne."

"Wannan ai suna ne, ba laifi ba."

"To a gidana laifi ne."

Duk wanda ya tashi a bakin rafin nan ya san mafarin abin. Tun ba a haifi Noelie ba, lokacin da mutanen Vietnam suka fara sauka a hayi da 'yan jiragensu, ba wanda ya gaya musu cewa a nan kowa gefe ɗaya yake jan taru. Mista Dang ya jawo nasa a gicciye, ya sarƙe da na Alcide, taru biyu suka yage. Aka yi ta zage-zage kowa da yarensa, ba mai jin na wani. Tarun sun daɗe da ruɓewa, amma Alcide na nan riƙe da nasa a ƙirji, na Dang kuwa ko a labari ba ya sako shi. Coci ɗaya suke zuwa, in Dang ya zauna dama shi sai ya yi hagu. Gadar da ke kai mutum hayi kuma rabonsa da ita tun ranar.

Sai ga shi duk samarin garin 'yarsa ta rasa wanda za ta so sai Luan, autan Dang, mai ɗaukar hoton ƙashi a ɗan asibitin garin.

"Papa, an ba shi aiki a Houston," ta ce. "Suna jiran amsarsa. Ya ce in da alamar za ka sauko, zai zauna. Ka san alkawarin da na yi wa Mama kafin ta rasu, ba zan shiga coci da rigar aure ba sai hannuna na cikin naka. Kada ka sa in rasa ɗayanku."

"Allah ya kai shi lafiya. An ce Houston akwai iska mai daɗi."

Kafin ta ce wani abu sai ga dariyar Brice Guidry ta iso, shi ma ya biyo bayanta. Ubansa ne mai gidan ƙanƙarar da duk jiragen garin ke lodi, kuma tun da ya ƙyalla ido ya ga Noelie ya mayar da Alcide kawunsa ƙarfi da yaji, yana kiransa Nonc, wato kawu.

"Ƙara masa, Nonc Alcide! Kwarara masa ya ji a jikinsa. In ka gama ka tsoma ta a ruwan gishiri, gobe da rawa za ka tashi." Ya juyo ya washe wa Noelie baki. "Ke kuma wa ya taɓa mini ke? Gobe fa ranar sa wa jirage albarka ce, ina da magana a gaban jama'a. Ki sa rigar nan mai ruwan bula."

Ko kallo bai ishe ta ba.

"Papa, kana da ciwon suga, ga ruwan ya yi ɗumi. Mu je a wanke maka a asibiti."

"In je in miƙa wa ɗan Dang ƙafata?" Ya yi tsaki, ya zura ƙafar cikin rafi har gwiwa. "Gara a guntule ta."

Noelie ta miƙe ta share hawayenta ta nufi gida.

Da yamma ta kira Luan tana kuka ta zayyana masa komai. Bai ce uffan ba a kan zancen Houston. Abin da ya ce kawai shi ne ta sami biro ta zagaye inda ya yi ja, da safe ta duba. Ta lallaɓa ta zana yayin da Papa ke gyangyaɗi a baranda.

* * *

Ihunsa ne ya fito da ita daga kicin da safe.

Mutumin da ya taɓa ɗinke tafin hannunsa da zaren taru yana waƙa, yau shi ne riƙe da ƙarfen gado yana kiran sunan Yesu, gumi sharkaf. Ta yaye bargon. Ƙafar ta ɗan kumbura, ta yi sheƙi, ba wani abin tashin hankali a ido. Amma jan ya tsallake zanen bironta da faɗin tafin hannu.

"Kira mini Mama," ya ce da ƙyar.

Mawmaw Zulma, mahaifiyarsa, ita ce mai addu'ar ciwo ta wannan yanki. Ta gada daga kawunta, shi kuma daga kakarsa. Ita ke tsayar da haɓo, ta sauke zafin rana daga kan masunta, ta kashe ƙurji. Dokokinta biyu ne, ko jinjiri ya san su. Ba ta taɓa mutum sai ya roƙa da bakinsa. Kuma ba a yi mata godiya, don godiya tana warware maganin. Wanda ya ji daɗi sai ya ajiye abin da ya samu a matakalar gidanta ya juya ba tare da ya ce komai ba. Shi ya sa matakalar nan ba ta rabo da ƙwai da kaguwa da lemo, kyanwoyin unguwa ma duk sun yi ƙiba.

Ta shigo da sandarta ta tsaya a kansa, hannu a naɗe.

"Mama, duba ni."

Sannan ta zauna. Ta soma raɗa addu'arta da tsohon Faransancin kakanni, babban yatsanta na zana gicciye a kan fatar. Can sai yatsan ya tsaya cak. Ta sake dannawa a hankali. Noelie da ke tsaye ta ji wani ɗan ƙuras-ƙuras a ƙarƙashin fatar, kamar an murza busasshen ganye.

Mawmaw ta janye hannunta.

"Wannan ba nawa ba ne."

Tun da Noelie take ba ta taɓa jin kalmar nan a bakin kakarta ba.

"Ina zaton tsinin ƙayar ne ya karye a ciki. Addu'ata ba ta da ido, Alcide. Tashi a je a haska."

"Yau Lahadi, Mama. Ba kowa a ɗakin hoton sai..."

"Sai wa? Sai dodo? Alcide Joseph, ni na haife ka, kuma da kai ka fara fitowa, tun ranar nake fama da taurinsa. Ban binne ubanka da matarka don in zo in binne ka a kan tsumman taru ba."

Brice ya faɗo ɗakin cikin sabuwar riga yana ƙamshi.

"Haba Mawmaw, ƙayar ƙurungu fa! Jirage sun jeru, fada limamin coci na jira. A bari gobe ni da kaina in kai shi birni wajen likitoci na gaske."

"Kai ɗan Guidry, ƙartin hannuwan nan naka na ado ne? Ɗauke shi ka sa a mota."

A faɗi gaskiya, Brice bai yi musu ba. Ya sunkuci tsohon kamar buhun ƙanƙara yana gunaguni, rigar tasa ta jiƙe da gumin wani.

* * *

Likita Fontenot ce ke aiki ranar, dattijuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Ta duba ƙafar, ta dubi zanen biron, ta dubi yadda Alcide ke murƙususu. Fara'arta ta ragu. Ta sa aka ɗebi jini, aka ɗaura masa ruwa, ta ce a wuce da shi ɗakin hoto yanzun nan.

Luan na tsaye a bakin ƙofa. Siriri ne mai sanyin magana, irin mutanen da ko kofi za su ajiye ba ka jin ƙararsa. Idonsa ya haɗu da na Noelie, ya yi saurin kawarwa.

"Barka da zuwa, Mista Alcide."

"Kada ya taɓa ni."

"Papa!"

"Na ce kada ya taɓa ni! A kira wani."

"Ba wani, Nonc," in ji Brice, shi ma yanzu jikinsa ya yi sanyi.

Noelie ta zube a gaban keken ta rungume gwiwarsa mai lafiya.

"Papa, na haƙura. Ka ji? Na haƙura da shi, ya tafi Houston ɗin. Ba zan ƙara kawo maka zancensa ba har in mutu. Ka bari kawai ya ɗauki hoton nan, don darajar Mama."

Ta faɗi haka a gaban Luan, ta kuma ga lokacin da maganar ta same shi. Amma sai ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe, ya rusuna daidai fuskar tsohon.

"Mista Alcide, ba ciniki na zo yi ba. Abin da ta faɗa ka ajiye shi gefe, ba ruwansa da ƙafarka. Ni dai ba zan sa maka hannu ba sai ka ce in sa, haka aikina yake. Ina nan tsaye."

Daga nesa ana jiyo ƙahonnin jirage da kiɗa, an fara bikin ba su. Alcide ya daɗe yana kallon hannuwan nan da ke ɓoye a baya, wani irin kallo da Noelie ba ta gane ba. Ciwon ya sake murɗo shi, ya cije leɓe har ya fashe.

"Yaro," ya ce can ƙasa. "Duba ni."

Luan ya ɗaga ƙafar kamar mai ɗaukar ƙwai. Yana gyara ta a kan teburin ne hannunsa ya ɗan gogi cinyar, sama da gwiwa, inda fatar take lafiya lau ba ja ba kumburi. Alcide ya zabura ya ƙwalla ƙara. Luan ya dakata. Ya leƙa waje ya ce, "Likita, ƙwauri kika ce, amma cinyar ma tana yi masa zafi. In ƙara har sama?"

"Ƙara, ɗana. Ɗauko duka."

Aka fitar da su Noelie, na'urar ta yi 'yar ƙararta. Ta cikin gilashi tana hango fuskar Luan a gaban allon. Ta ga ya matsa kusa. Ta ga ya dafe tebur. Sai kuma ga shi ya fito da gudu, mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba.

Likita Fontenot ta zo ta tsaya a gaban allon, ta cire tabarau ta mayar. Ta yafito Noelie.

Ƙashin na nan fari tas, ba karaya, ba tsagewa. Ƙaya ma babu. Amma a cikin naman, tsakanin fata da ƙashi, wasu baƙaƙen ɗige-ɗige ne da zirin layuka sun jeru suna bin tsawon ƙafar, sun wuce gwiwa, sun kama hanyar cinya.

"Mene ne wannan?"

"Iska ce, 'yata. Nama ba ya ajiye iska. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta ramin ƙayar, suna cin naman ta ƙarƙashi suna fitar da ita. Ta ƙasan fata suke gudu, shi ya sa waje bai nuna komai ba alhali shi yana jin kamar ana gasa shi. Ba kullum hoto ke kama ta ba, wani har ciwon ya ci ƙarfinsa hotonsa fes yake fita. Amma in ta fito haka, ba a jiran komai."

"A ba shi allura mana!"

"An riga an sa masa a ruwa. Allura kaɗai ba ta isa inda naman ya mutu. Wuƙa ce maganinsa, yau ɗin nan, ba gobe ba."

Brice ya jingina da bango, goben da ya ce a bari ta dawo masa a kunne. Likita ta ɗauki waya tana kiran jirgi mai saukar ungulu, Luan kuma ya riga ya tura hotunan babban asibitin New Orleans don masu tiyata su san inda za su fara tun kafin a iso.

Da ake tura Alcide waje ya damƙi hannun 'yarsa, idonsa ya firfito.

"Noelie, yanke ta za su yi?"

Ta juya ta dubi Likita. Likita ta dubi ƙasa.

* * *

Ba a yanke ba.

An shiga da shi tiyata, an sake shiga, an kuma sakewa, kowane karo a yanke abin da ya mutu a bar mai rai. Daga baya aka yanko fata a ɗaya cinyar aka lulluɓe wurin. Ƙafar ta koma siririya mai tabo kamar tsohon taru da ya sha ɗinki, amma tana nan manne da mai ita, yatsu biyar cif.

Babban likitan tiyatar ya gaya wa Noelie a bakin ɗaki, Alcide na ji, cewa hoton cinyar nan ne ya sa suka tare ciwon ta sama maimakon su bi shi a baya. Da an kwana, da ba zancen ƙafa ake ba.

Noelie ta shiga ɗan cocin asibitin ta durƙusa ta yi kuka mai isarta, kukan daɗi. A makonnin nan ta yi godiya har bakinta ya gaji. Ta gode wa Allah, ta gode wa masu jinya, ta gode wa matar da ke goge daɓe, har mai gadin wajen ajiye motoci bai tsira ba. Alcide ma ciwo ya sauke masa kai. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya riƙe hannunsa ya ce na gode, har ma'aikatan suka sa masa suna Mista Na-gode.

Luan kuwa in ya tashi aiki sai ya tuƙo mota tun daga gari, ya kawo kunun shinkafa da citta da mahaifiyarsa ta dama, ya miƙa wa Noelie a bakin ƙofa ya juya. Bai taɓa shiga ɗakin ba, bai kuma taɓa tuna mata abin da ta faɗa a gaban keke ba. Alcide yana shanye kunun tas, har ya lashe cokali, bai taɓa tambayar daga ina yake ba. Abin da ya nema kawai shi ne a kawo masa zare da allurar saƙa, ya yi ta saƙar raga a kan gado, wai don kada hannunsa ya mutu.

Ranar da aka sallamo shi, barandar gidan ta cika ta batse. Tukunyar miyar gumbo na tafasa a tsakar gida, ana ta kiɗa. Alcide na kan kujera, ƙafa a kan matashi, yana rabon godiya kamar alewa. Ya gode wa fada. Ya gode wa Likita Fontenot har da sumbatar hannu. Brice, wanda ya kula masa da jirgi duk tsawon jinyar, ya jawo shi ya rungume.

"Na gode, ɗana. Na gode, na gode."

Ana cikin haka Luan ya shigo, cikin farar riga mai guga, shi kaɗai. Hayaniya ta lafa. Noelie ta ajiye ludayi. Yau dai, ta ce a ranta. Yau a gaban kowa.

"Sannu da dawowa, Mista Alcide. Ya ƙarfin jiki?"

Alcide ya dube shi daga sama har ƙasa. Bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya datse shi.

"Ashe ka zo," ya ce. Ya juya ya ci gaba da hira da fada.

Shi ke nan. Mai goge daɓe ta sami godiya, mai gadi ya samu, wanda ya ga ciwon bai samu ba.

Luan ya yi murmushin ƙarfin hali, ya gaida Mawmaw, ya sauka. Noelie ta bi shi da gudu har bakin mota.

"Luan, tsaya! Don Allah tsaya!"

"Ba komai, Noelie. Ba don a gode mini na yi ba."

"Ƙarya kake, idonka ya yi ja."

"To ya yi." Ya share da bayan hannu. "Na ɗauka ko kallon mutum zai yi mini. Na ja wa mutanen Houston rai har na ji kunya. Gobe zan ba su amsa."

"Ka tafi da ni! Na fasa alkawarin, Mama za ta yafe mini."

"Ke ce ba za ki yafe wa kanki ba, ni kuma in zauna ina kallonki kina ramewa. Kin ga ƙafarsa tana nan, yana raye, yana cin gumbo. Wallahi wannan ya ishe ni abin tunawa. Koma wajen baƙinku."

Ya ja motar a hankali ya nufi gada.

Noelie ta hau matakalar nan ba ta ko ganin gabanta. Ba ta damu da fada ba, ba ta damu da jama'a ba.

"Papa, ban taɓa jin kunyar zama 'yarka ba sai yau! Kalma biyu! Kalma biyu ta gagare ka? Ka ce ba za ka ba shi ni ba, na ji, na haƙura. Amma ƙafar da ka ɗora a matashin nan fa? Kunun da ka yi ta lashe wa cokali, ka ɗauka daga sama yake saukowa?"

Alcide ya sunkuyar da kai.

Sai aka ji dariya daga lungu. Mawmaw Zulma ce, tana ɓare kaguwa tana girgiza kai.

"Oh ni Zulma, na yi jika mai ido ba gani. Ke Noelie, zo nan. Tun da kika yi wayo, sau nawa na yi wa ubanki addu'ar ciwo?"

"Mawmaw, ba lokacin..."

"Amsa mini. Kin taɓa jin ya ce mini na gode?"

Noelie ta juya ta dubi Papa. Ɗakin hoton ya dawo mata tar. Hannuwan Luan a haɗe a baya. Ba zan sa maka hannu ba sai ka ce. Da muryar Papa can ƙasa, da kalmomin da ba ya faɗa wa kowa a duniya sai mahaifiyarsa: duba ni.

Ta zauna a daɓe.

"Papa..."

"Ciwon bai gama rufewa ba," ya ce yana kallon matashi, kunnuwansa sun yi jajir. "So kike in faɗa ya warware? Ɗauko mini sandunana. Ki ɗauko ragar nan da ke ƙarƙashin gado, da mukullin mota."

Brice ya miƙe tsaye. "Nonc, maganarmu fa?"

"Brice, godiyarka na ba ka cikakkiya, ban rage ko kaɗan ba. Ita ce abin da nake da shi. Noelie ba jirgina ba ce da zan damƙa maka mukulli."

* * *

Da tayar motar ta hau gada, Alcide ya runtse ido ya riƙe ƙofa kamar za a sake yi masa tiyata. Bai buɗe ba sai da suka sauka a hayi.

Gidan Dang na ƙarshen layi, taru a shanye a kan shinge, ga lambun ganyaye a gaba. Noelie ta zagayo za ta kama shi, ya ture hannunta. Ya rataya ragar a wuya, ya dogara sanduna, ya ja ƙafar nan taki bayan taki har bakin matakala. Ya sauke ragar ya shimfiɗa ta a hawa na farko, ya gyara mata baki. Sabuwa dal, saƙar hannu, irin wadda ba a samu a kanti. Ya juya bai ce komai ba.

Ƙofa ta buɗe. Mista Dang ne, gajeren tsoho mai furfura, riƙe da kofin shayi.

"Cheramie? Ɓatan kai ka yi, ko ciwon ya hau kai ne?"

"Ba wajenka na zo ba."

Dang ya sauko ya ɗaga gefen ragar ya duba ƙullin, ya taɓe baki.

"Ba laifi. Ta makara dai ƙwarai."

"Ba taka ba ce, tsohon banza, ta yaron ce! Kai har yau a gicciye kake ja, wa zai ba ka raga ka lalata?"

"Ni ma tawa ta yage a ranar, in ka manta."

"Ban manta ba," in ji Alcide, a karo na farko a rayuwarsa.

Luan ya fito bayan ubansa, riƙe da rigar da yake ninkewa zai sa a akwati. Ya dubi ragar, ya dubi tsohon, ya dubi Noelie da ke tsaye a jikin mota tana kuka tana dariya. Ta nuna masa matakalar, ta ɗora yatsa a leɓenta. Shi ma ɗan garin ne, ya sha ganin ƙwai a ƙofar Mawmaw. Rigar ta suɓuce daga hannunsa.

Alcide bai juyo ba. Ya ba su baya, yana magana da shingen.

"Dang, gaya wa ɗanka, likita ta ce kafin sanyi ya shigo ƙafar nan za ta iya takawa daga ƙofar coci har gaban fada ba sanda. In ya tafi Houston, wa zan je in miƙa wa yarinyar? Kai?"

Luan ya sauko matakalar, ya zagayo gabansa. Hawaye ya hana shi gani sosai.

"Mista Alcide... na gode. Na gode."

Tsohon ya ɗago. Idanunsa sun cika taf, ya saki sanda ɗaya ta faɗi, ya dafa kafaɗar yaron ya jingina nauyinsa duka a kanta.

"Faɗi abinka, yaro," ya ce. "Kai kana da dama. Ni ne ba ni da ita."